Igiyar Shanyar Inna a Ƙofar Gareji

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a farkon damunar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Ladi ta faɗo daga kan mangwaron da ke bayan gidanmu a Kontagora. Ladi ƙawata ce, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma benci ɗaya muke zama a makaranta. An yi ruwa da asuba, reshe ya yi santsi, ita kuwa ta hango wani nunanne a can ƙololuwa ta ce sai ta tsinko shi. Ina ƙasa na tara siket ina jiran ta jefo, sai na ji ƙarar reshe, sai ga ta a gabana, goshi na zubar da jini, hannun hagu ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Mahaifiyarta, wadda duk unguwa ke kira Maman Ladi, ta saɓo ta a kafaɗa ta nufo gidanmu a guje ko ɗankwali babu, tana kira, “Baban Dije, mota! Don Allah mota!” Dije ni ce, motar Babana kuma ita kaɗai ce a layinmu.

Baba ya fito da makulli a hannu, ya zare sakatar gareji, ya ja ƙyaure. Na hagu ya buɗe. Na dama ya ce ko kusa. Gindinsa ya nutse cikin taɓo, Baba ya ja, ya jijjiga, ya sa kafaɗa, ko gezau. Sai da aka kira mai shayin bakin titi da telan da ke kallon gidanmu da wani mai wucewa da ban san shi ba, suka tsuguna suka cusa yatsu cikin laka, suna zamewa suna tashi, kafin suka ɗaga shi suka ja gefe. Duk wannan lokacin Ladi tana kwance a cinyar uwarta, jini ya jiƙa zani, kukanta ma ya fara yin ƙasa. Innata tana tsaye a bakin zaure da tsohon ciki, ta dafa shi da hannu ɗaya. Na lura kowa Ladi yake kallo, ita kaɗai ce ta ƙura wa ƙofar ido.

Sai na ɗan koma baya in faɗi yadda ƙofar nan take a gidanmu, don ba ƙaramin matsayi gare ta ba. Baba direba ne, yana da farar a-kori-kura da yake ɗaukar hatsi da gyaɗa daga Auna da Ibeto zuwa kasuwar gari. Shekarar da ya sayi motar, shi da kansa ya gina mata ɗaki a jikin katangar gida, shi ya sayo katako da kwano ya haɗa manyan ƙyamare biyu, bai bari kafinta ya taɓa ko ƙusa ɗaya ba. In baƙo ya zo, kafin a kai shi ga tabarma sai an bi da shi ta gaban gareji, Baba ya buga kwanon da tafin hannu ya ce, “Aikin hannuna ne.” Mu yara kuwa allonmu ne. A jikinsa muke rubutu da gawayi in muna wasan makaranta, ni malama, ƙannena biyu da Ladi ɗalibai, har da bulalar kara. In mota ta fita, cikin garejin ya zama namu, muna ɓuya a bayan buhuna, muna shaƙar warin baƙin mai da na gyaɗa, in ruwa ya sauko mu yi ta ihu don ba mai jin mu saboda ƙarar kwano.

To amma ƙyauren dama ya daɗe yana jan ƙasa. Kowa a gidan ya ga ya sunkuya, gefensa na waje ya yi ƙasa, sakata ma sai an ɗaga ake samun ta shiga. Kowa ya gani ban da Baba. Shi a wurinsa ƙofar da ya haɗa da hannunsa ba ta sauka. “Ƙasa ce ke tasowa,” haka yake cewa, wai in ta sha ruwa sai ta kumbura. Tun da laifin ƙasa ne, maganinta fartanya. Ni ce babba, ba namiji a gabana, don haka duk Asabar bayan shara da wanke-wanke sai a miƙo mini ’yar fartanya in je in kankare inda ƙyauren ke gogawa. A gidanmu har suna aikin yake da shi, noman ƙofa. Wasu yaran suna noman masara su ci gasasshiya, ni ina noman ƙofa ban taɓa girbar komai ba sai kanta a tafin hannu. Ina kankarewa ƙyaure na ƙara sauka, har na haƙa wani lanƙwasasshen kwari a gaban garejin. In an yi ruwa nan yake taruwa, laka ta cika shi, ƙyaure ya kwanta a ciki ya yi barcinsa.

Ladi ta dawo da yamma. An ɗinke goshin a asibiti, hannun kuma mai ɗori ya jera masa karare ya ɗaure, aka rataye mata shi a wuya da ɗankwali. Kowa ya yi hamdala, amma Inna ba ta sake ba, kuma ko da nake yarinya na san dalili. Haihuwarta ta baya a gida aka fara, jini ya ɓalle, kafin a kai ta asibiti an rasa jaririn, ita ma da ƙyar aka same ta. Ma’aikaciyar da ta duba ta ta ja mata kunne cewa wannan karon da ta ji alama a kawo ta, kada a tsaya jiran komai. Ga shi lissafinta ya nuna tsakiyar damuna za ta sauka, lokacin da ake kwana ana ruwa a wuni ana yi. Na ji ta tana gaya wa Maman Ladi ta kan katanga, a hankali, “Ran nan an sami maza uku. In ranar tawa ba a samu ba fa?” Tun daga ranar tsoro ya shige ni. In na bi ta gaban ƙofar nan sai in ji na tsane ta.

Inna ’yar Auna ce, Hausarta da ɗan gauraye na Kambarci, kuma ba mai yawan magana ba ce. Ta san mijinta sarai. Ta san in ta ce a kira kafinta, ya ce an raina aikinsa, in ta ce ƙofa ta sauka, ya ƙara mini ranar noma. Sai ta bari wata safiya yana shan koko zai tafi kasuwar Auna, ta durƙusa gefe ta ce, “Malam, ina neman izini. Igiyar shanya nake so in ɗaura a jikin ƙofar gareji ta ciki, saboda tsumman jariri in ana ruwa. Sannan in ka yarda mu ɗan daɓe gaban wurin.” Baba ko ɗago kai bai yi ba, ya ce shanya da daɓe ai sha’anin mata ne, ta yi abin da ta ga dama. Aka taru aka ɗaga masa ƙyaure ya fitar da mota. Ƙurarsa ba ta gama kwantawa ba Inna ta leƙa ta katanga ta kira Maman Ladi.

Ashe sun daɗe da shiri. Maman Ladi, Badukkiya ce a ƙabila, daga wajen Rijau, mace mai ƙarfi da ke faskaren icce kamar wasa, ta shigo da nannaɗaɗɗiyar waya mai kauri irin ta shingen gona, da guduma, da dogayen ƙusoshi. Makuba kuwa, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa don daɓe ya yi ƙarfi, tun shekaranjiya take jiƙe a tsohuwar randa. Mata biyu na layinmu suka zo da madaɓansu. Abin ɗaga mota ya tafi da Baba, don haka aka mirgino turmi aka kwantar, aka ɗora taɓarya a kansa, aka cusa bakinta ƙarƙashin ƙyauren. Maman Ladi ta hau ɗaya bakin ta danna da dukkan nauyinta, sai ga ƙyaure ya ɗago yana kuka, muka yi maza muka tura duwatsu a ƙarƙashi. Inna tana zaune a kujera ’yar tsugunno tana ba da umarni, don an hana ta taɓa komai. Da ƙyauren ya miƙe sai ɓarnar ta fito fili. Ƙusoshin hinjin sama, wato ƙarfen da ke riƙe ƙyauren a jikin bango, duk sun yi lako-lako, ramukansu sun buɗe har yatsana na shiga. Aka kafa mini duro na hau, na cusa ’yan tsinkayen icce cikin ramukan na cika su tam, Maman Ladi ta miƙo hannu ta buga sababbin ƙusoshi.

Saura igiyar shanya. Dabarar Inna daga gidan ubanta ta taho da ita. A can in an yi lodin dawa a amalanke, sai a ninka igiya biyu, a soka kara a tsakiya a yi ta murɗawa har kaya su ɗaure kamar dutse. Ta ce haka za mu yi wa ƙyauren, mu ja waya daga kusurwa zuwa kusurwa mu murɗe. Abin da ba ta sani ba, kuma ba wadda ta sani a cikinmu, shi ne wace kusurwa da wace. Muka yi shawara irin ta masu hankali, muka ce ai gefen waje ne ya faɗi, to a kama shi ta kai. Na ɗaura waya a saman gefen waje, aka ja ta zuwa gindin gefen bango, aka soka guntun ƙotar fartanya aka murɗa har wayar ta fara ƙara. Aka zare duwatsu. Ƙyaure ya faɗa cikin kwarinsa da wani irin nishi, ya fi da nutsewa. Mun taya shi sauka da hannunmu. Ɗaya daga cikin matan ta fashe da dariya ta ce gara mu kwance kafin maigida ya dawo ya same mu. Inna ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasa, na ga idonta ya kawo ruwa, ni kuma ina tsaye a kan duro.

Daga can saman ne idona ya faɗa kan Ladi. Tana zaune a inuwa tana kallonmu, karyayyen hannunta a rataye. Na bi ɗankwalin da ido. Daga wuyanta ya taso, ya gangaro a karkace, ya tallafo hannun ta ƙarshensa, wajen yatsu. Ba a kama hannun ta sama an ja ƙasa ba, daga wuri mai ƙarfi aka rataye wurin da ya gaji. Na ce, “Inna, mun juya ta! A rataye ta kamar hannun Ladi!” Inna ba ta kiran sunana saboda ni ce ’yar fari. Ta dubi Ladi, ta dubi ƙyauren, ta dube ni, ta ce, “Ke ’yar nan, sauko ki ja duron can.”

Aka sake hawa taɓarya, aka sake tura duwatsu. Wannan karon na ɗaura wayar a sama ta gefen bango, dab da hinji, aka gangaro da ita zuwa gindin gefen waje, wurin da ke shan laka. Inna ta ce ita za ta murɗa, ba wanda ya iya hana ta. Ta miƙe ta kama ƙotar tana juyawa a hankali, waya na nannaɗewa, katako na ƙara ƙas-ƙas. Can sai ɗaya daga cikin duwatsun ya motsa da kansa, ya mirgina cikin kwari, don ba abin da ke danne shi. Muka zare sauran. Ƙyauren ya tsaya a iska, haske na wucewa ta ƙarƙashinsa. Inna ta ce Ladi ta zo ta gwada. Ladi ta sa lafiyayyen hannunta ta tura, sai ƙyauren da ya gagari maza uku ya tafi sumul har ya bugi bango. Maman Ladi ta rangaɗa guɗa da ta sa tela ya leƙo daga shagonsa. Ni kam tsalle na yi ta yi ina ihu, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Sauran aikin da waƙa aka yi shi. Muka yi ta jidar marmara a kwanuka daga bakin rafi muna cike kwarin da na yi shekara da shekaru ina haƙawa, aka yayyafa ruwan makuba, mata suka jeru a durƙushe suna bugu da madaɓi, ƙasa na amsawa. Aka ɗan karkata daɓen ta waje don ruwa ya riƙa gangarawa titi. Na samo gashin kaza na tsoma a baƙin mai na shafe hinji, na bi gindin katako da shi saboda gara. Aka ɗaure ƙotar a jikin katako don kada wayar ta warware. Daga ƙarshe Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko wani ɗan tsumma ta wanke, ta zo ta rataya a kan wayar. Ta ce ba za a ce ta yi wa mijinta ƙarya ba.

La’asar sakaliya Baba ya dawo. Ya fito daga mota yana waige-waigen wanda zai kama masa, sai na ruga na buɗe ƙyamaren duka biyu ni kaɗai. Ya tsaya. Ya tura na daman ya dawo da shi, ya sake turawa. Ya dubi wayar tun daga sama har ƙasa, ya dubi ƙotar, ya dubi ɗan tsumman da ke ɗiga. Sai ya buga ƙafa a kan daɓen ya ce, “To, ba na gaya muku ba? Ƙasa ce. Da aka daɓe ta ai ga shi ta kwanta.” Inna ta ce, “Haka ne, Malam,” ta juya ta shige madafa, kafaɗunta na rawa don dariya.

Ranar da muke tsoro ta zo a tsakiyar damuna, wata Juma’a. Tun safe ake ruwa, bai ɗauke ba sai wajen azahar. Inna ta daɗe tana jin ciwo tana cije baki irin na matan da, sai da Maman Ladi ta shigo ta ga jini a zaninta ta daka tsawa. Mazan layinmu duk sun wuce masallaci, mai shayi ya rufe, tela ya rufe, ba kowa a titi sai awaki. Baba ne kaɗai ya makara yana alwala. Ya yar da buta ya tallafo Inna, Maman Ladi ta kama ɗaya gefen, ya jefo mini makulli ya ce, “Dije, ƙofa!” Na ruga a guje. Ruwa ya wanke daɓen ya gangara abinsa, ba laka ko kaɗan. Na zare sakata na ja, ƙyaure ya biyo ni kamar dama jira yake. Kafin su iso bakin zaure gareji na buɗe. Na tsaya riƙe da ƙyauren ina kallon motar har ta sha kwana, sannan na zauna a kan daɓen na yi kukan da na daɗe ina riƙewa. Kafin magariba Baba ya dawo yana dariya da hawaye tare. An sami namiji, Inna kuma tana lafiya. A asibiti sun gaya masa an kawo ta a kan kari.

Ɗanjuma muke kiran yaron. Tsummokinsa sun sha shanya a kan wayar nan har damuna ta wuce. Noman ƙofa ya mutu daga ranar, wani aikin ya gaje shi. Duk farkon damuna sai a kwance ƙotar a ƙara murɗawa kaɗan, a shafa baƙin mai, a duba ƙusoshi, a cike inda daɓe ya fashe. Da farko ni da Inna muke yi. Daga baya sai muka riƙa tarar da an riga mu. Wata safiya na kama Baba yana murɗa ƙotar da hannunsa, da ya gan ni sai ya ce, “Igiyar shanyar uwarku ce ta saki.”

Yanzu ina zaune a gidan da ƙofar garejinsa ta ƙarfe ce, a kan ’yan tayoyi take gudu, in ta ƙi motsi waya nake bugawa mai walda ya zo ya tafi ban ko san sunansa ba. Ba turmi, ba guɗa, ba maƙwabciyar da za ta hau taɓarya saboda ni. Inna ta rasu, a-kori-kura ta daɗe da zama tarihi, Ɗanjuma ne ke ajiye Keke Napep ɗinsa a garejin. An sauya kwano, an sauya waya, amma har yau a karkace take daga kafaɗar bango zuwa gindin waje. Da na je gida bara na tarar da Baba zaune a gabanta, ya tsufa ƙwarai. Na tsokane shi na ce, “Baba, tsakani da Allah, ƙasa ce ta taso ko ƙofa ce ta sauka?” Ya yi murmushi ya ce, “Ni da na ƙare rayuwata ina ɗaure lodi, kya ce ban san aikin waya ba? Tun ranar na gani. In na faɗa, ai na ɓata mata shanyarta.” Sai ya ɗaga hannu ya gyara wani ɗan tsumma da ke rataye a kan wayar, wanda ban lura da shi ba sai lokacin. Gefen tsohon ɗankwalin Inna ne.